Yadda kachala ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru

Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Kogin Haɗeja kan cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani kuma ya janye. A kan haka jama'ar Jigawa da Yobe suka tsara rayuwarsu: a noma shinkafa, a kama kifi, ruwa na ja makiyaya su shigo da shanu.

Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan, sannan aka kammala madatsar Challawa a 1992. Yanzu har da rani ana sakin ruwa daga madatsun, saboda haka wurare da dama ba sa bushewa. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan.

Takan fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwan da ya rasa hanya sai ya karkata ta Marma zuwa Nguru, ya cinye gonaki, alhali manoman da ke gaba suna jiransa. Masunci bai da inda zai tura kwalekwale. Babban abin takaicin shi ne tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke kwana cikin kachalar, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero.

Mazauna ƙauyukan kan yi gayya su sare ta. Amma idan ba ƙarƙashin ruwa aka yanke ba, saiwar na nan da ranta, ba a daɗewa ta sake tohowa.