Intel Da Kasuwar Katin Hoto: Ina Aka Dosa?



Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa wadda ke yin lissafi, kuma kamfanin Intel na Amurka, wanda aka kafa cikin 1968, shi ne ya daɗe yana sarautar wannan fage. Amma fa aikin zana hoto a kan allo, musamman mai motsi, ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa ita kaɗai. Don haka ne ake saka wani kati dabam mai rumbun ajiyarsa na kansa, watau katin hoto. Wannan kasuwa kuwa kamfanoni biyu ne suka kankane ta: Nvidia, wanda ke da kaso mafi tsoka nesa ba kusa ba, da AMD, wanda ya shigo ta hanyar sayen kamfanin ATI cikin 2006.

Intel ya sha gwadawa. Ya fito da katin i740 cikin 1998, bai yi ƙarko ba. Ya ɗaura aniyar wani mai suna Larrabee, ya janye shi cikin 2009 tun bai kai kasuwa ba. Cikin 2017 ya ɗauko Raja Koduri daga AMD, sannan katunan Arc suka fito cikin 2022.

To, a nan ne nake so mu ɗan dakata, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙera katin ba shi ne babban aiki ba. Hasali ma kamfanin TSMC na Taiwan ne ya ƙera wa Intel zuciyar katunan. Wahalar tana ga manhajar da ke yin tafinta tsakanin katin da dubban wasanni da shirye-shiryen da aka rubuta cikin shekaru masu yawa. Nvidia da AMD sun fi shekara ashirin suna gyara tasu, wasa bayan wasa. Da Arc ya fito sai aka tarar tsofaffin wasanni suna tafiyar hawainiya a kansa, alhali kuwa ƙarfin katin bai gaza ba. Intel ya yi ta gyara, har katin B580 da ya fito a Disamba 2024, a kan dala 249, ya sami yabo saboda araharsa da yalwar rumbunsa.

Me ya shafe mu? Mai saye a Gusau ko Tsafe da naira yake biya, kuma kowa ya san idan dillali na uku ya shigo kasuwa farashi kan sassauta. Sai dai akwai wani hanzari. Katin Arc ba ya sakin jiki sai a kwamfutar da ke iya buɗe wa ƙwaƙwalwa dukan rumbun katin lokaci guda, dabarar da tsofaffin injuna ba su da ita. Mu kuwa yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da ɗakunan ɗalibanmu na hannu ne. Lalle ne jami'in da zai sayo wa ma'aikatarsa ya fara bincikar shekarun injinsa kafin araha ta ruɗe shi.

A ganina, rabon Intel yana ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ga manyan katunan da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su ba, inda manhajar CUDA ta ɗaure masana ga Nvidia. Abin tambaya shi ne ko zai jure. Koduri ya bar kamfanin cikin 2023, kuma a Satumba 2025 Nvidia ya ba da sanarwar zuba dala miliyan dubu 5 a cikin Intel, tare da shirin haɗa ƙwaƙwalwar Intel da fasahar hoton Nvidia wuri guda. Wanda ya zo yin gasa, ga shi abokin hamayyarsa ya zama mai hannun jari a gidansa.