Wa aka zana a kan kuɗi?

Ranar kasuwar Sanam kuɗi ba su zama wuri ɗaya. Mai rago ya karɓa, ya miƙa wa mai hatsi. Mai hatsi ya miƙa wa mai goro. Kowa na ƙirgawa, amma ba kowa ke tsayawa ya dubi abin da aka zana a kansu ba. Yanzu da muka fara karatu, sai mu duba. Ku fiddo takardar jaka ɗaya, ku shimfiɗa ta a kan tabarma.

A baya za ku ga raƙuma biyu. Za ku ga lamba 1000. Amma babu fuskar sarki, babu ta shugaba. Masallaci ma babu. A wasu ƙasashe kuwa, fuskar babban mutum ita ce abin da ido ke fara gani. Me ya kawo wannan bambanci?

Sardauna a kan naira

Waɗanda suka je bida Nijeriya sun san takardar naira 200. An fito da ita a shekarar 2000. Mai rawanin da ke kanta shi ne Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Shi ya shugabanci gwamnatin Arewacin Nijeriya daga 1954 har ranar 15 ga Janairu 1966, ranar da sojoji suka kashe shi a Kaduna. Jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shehu kuwa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, cikin ƙasarmu ta yau. A bayan takardar akwai shanu da buhunan amfanin gona. A gabanta kuma akwai rubutun ajami, wanda almajiri ke iya karantawa: naira ɗari biyu.

Sarkin da ya tara littattafai

Can nesa, a Turai, akwai ƙasa ana ce mata Yukren. Babban birninta Kiyef. Sunan kuɗinta hirifniya, kuma a 1996 ta fara aiki da su. A kan takardar hirifniya 2 suka zana wani sarki nasu na dā, Yaroslaf, wanda suke wa laƙabi da Mai Hikima. Ya yi sarautar Kiyef daga 1019 zuwa 1054. Kusan shekara dubu ke nan.

Ba don yaƙi kaɗai ake tuna shi ba. Ya sa an rubuta dokokin ƙasa, don alƙali ya san abin da zai bi. Ya tara marubuta, suka juya littattafai daga harshen Girka zuwa harshen mutanensa. Ku lura da wannan, ƴan'uwa: shi ma ya ga karatu ya fi shiga da harshen da aka sha a nono.

A bayan takardar suka zana majami'ar Sofiya, wato babban ɗakin ibadar Kirista na Kiyef. A zamaninsa aka yi aikinta. A cikinta ya ajiye littattafansa, a cikinta kuma aka rufe shi. Har yau tana tsaye. Daga 2018 aka koma buga hirifniya 2 da ƙarfe, amma ba a cire fuskar sarkin ba.

Ga abin mamaki. Rasha, maƙwabciyar Yukren, ita ma ta zana gunkin Yaroslaf a kan takardarta ta rubul 1000, wadda aka tsara a 1997. Kowace ƙasa na cewa kakanta ne. A 2022 kuwa babban yaƙi ya ɓarke tsakaninsu. Kun ga zanen kan kuɗi ba ado ba ne kawai. Da shi ƙasa ke cewa: wannan mutum namu ne, tarihinsa namu ne.

Mu fa?

Ba rashin manya muka yi ba. Muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tare sojojin Nasara a 1899. Muna da masallacin Agadas, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, wanda aka fara ginawa a wajen 1515.

Dalili shi ne sefa ba kuɗin Nijar kaɗai ba ne. An ƙirƙiro shi a 1945, zamanin mulkin Faransa. Yau ƙasashe 8 ke aiki da irin namu: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Banki ɗaya ke fitar da shi, BCEAO, mai hedkwata a Dakar. To, in aka sa sarkin ƙasa ɗaya, sauran bakwai su ce me? Tuwon da gida takwas suka haɗu a kai, ba a rubuta sunan mutum ɗaya a kan akushinsa.

Shi ya sa aka zaɓi abin da ba zai kawo gardama ba. Takardun da ke hannunmu an fito da su a 2003, sai ta 500 da ta biyo baya a 2012. Ta 500 tana da dorina. Ta jaka ɗaya raƙuma, a gabanta kuma alamun karatu da na lafiya. Ta jaka biyu kifi. Ta jaka biyar ita ce ta manoma: amfanin gona a gaba, namun daji masu kama da barewa a baya. Ta jaka goma tsuntsaye.

Akwai kuma wata alama da ke kan kowace takarda da kuɗin ƙarfe. Wasu na cewa dodo ne. Ba dodo ba ne. Siffar kifi ce mai baki kamar zarto. Mutanen Asante da Bawule suna ƙera irinta da tagulla, su auna garin zinariya da ita. Wajen ƙasarsu ce fatakenmu na dā ke zuwa sayen goro.

Amma mun taɓa riƙe kuɗi masu fuskar sarauta. Tsofaffi sun san babbar azurfar nan mai hoton mace, wadda mata ke ado da ita. Sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Teresa. Ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga azurfar da wannan shekara a jikinta.

Abu biyu da za ku karanta

Na farko lamba. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Dala ɗaya tamma 5 ce. In kun ga 500, dala ɗari ke nan. In kun ga 1000, jaka ɗaya. 5000 jaka biyar, 10000 jaka goma. Ku ƙirga sifiri da kyau. Da magariba launi na iya ruɗin ido, amma sifiri uku ba ya zama huɗu.

Na biyu harafi. Kusa da doguwar lambar takarda akwai harafi ɗaya. Shi ke nuna ƙasar da aka fitar da takardar dominta. Na Nijar H ne. A na Kodibuwa, B na Benin, C na Burkina, D na Mali, K na Senegal, S na Gine Bisau, T na Togo. Wanda ɗansa ya dawo daga Abijan, ya duba, zai ga A da yawa.

Duk waɗannan takardu darajarsu ɗaya. Jaka biyar mai A daidai take da jaka biyar mai H, a Sanam, a Filinge, a Yamai. In wani ya ce zai rage muku don takardarku ta wata ƙasa ce, kada ku yarda. A darasi mai zuwa kowa ya zo da takarda ɗaya, ya nuna wa malami lambarta da harafinta.