Taswirar Waya da Tafiyar Babur a Hanyoyin Karkara

Malamin gona, ma'aikacin rigakafi, mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, duk sun san inda kwalta take ƙarewa a shiga burji, daga burji kuma a faɗa turbar da babur da amalanke kaɗai ke bi. Yanzu da yawansu sun fara ɗaure waya a gaban babur suna bin shuɗin layin da manhaja ta zana musu. Abin yana da amfani ƙwarai, amma sai ga wanda ya san iyakar abin da wayar ta sani.

Abubuwa biyu ne ke aiki a cikin wayar, kuma mutane na yawan haɗa su. Na farko shi ne GPS, tsarin taurarin ɗan'adam na rundunar sojan Amurka, wanda aka harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Idan waya ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Wannan ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis, ko layi babu a wayar zai yi aiki. Ko lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, saƙon taurarin bai daina sauka ba. Wayoyin zamani ma suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Na biyu ita ce taswirar kanta, kuma ita ce ke buƙatar intanet. Shi ya sa za ka ga ɗigon da ke nuna inda kake yana nan, amma kewaye da shi fili ne fari fat, ba hanya ba gari. Maganin wannan a gida ake yin sa: a sauke taswirar yankin gaba ɗaya tun ana cikin gari. Google Maps na ba da damar haka, sai dai a hanyoyin daji manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps sun fi dacewa, domin dama don aiki ba tare da intanet ba aka gina su. Suna ɗauko bayanansu daga OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. A cikinta akan rubuta ko hanya kwalta ce, burji ce ko yashi, idan an samu wanda ya shigar da bayanin.

Tun 2019 Google ta sa zaɓin babur a taswirarta ta Nijeriya da Gana, bayan ta fara da Indiya a 2017 da Kenya a 2018. Ya fi zaɓin mota, don yana la'akari da lungunan da mota ba ta shiga. Amma lissafinsa ɗaya ne, wato wace hanya ce ta fi sauri. Bai san gulbi ya kawo ba, bai san kwalbati ta karye jiya ba. Turbar da ta ratsa fadama tana iya zama shimfiɗaɗɗiya a watan Maris, ta koma tafki a watan Agusta, kamar yadda mutanen tsakanin Haɗeja da Nguru suka sani sarai. Hoton sama da ake gani a manhaja ba na yau ba ne, wani ya yi shekaru da ɗauka, kuma rafin da ya fito a busashshe a hoton ƙila yanzu sai da kwalekwale.

Don haka kada a ba manhaja sunan garin ƙarshe kawai a ce ta zaɓa. Mai tafiya ya zauna ya jera ƙauyukan da zai ratsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa su a matsayin zango, ta yadda layin zai bi inda shi yake so. Masu yawon babur a Turai da Amurka sun daɗe da gane wannan. Suna zana hanyar tun a kwamfuta, su adana ta a fayil mai suna GPX, su tura wa juna. Amfaninsa shi ne layin ba ya canzawa. Idan ka kauce, manhaja ba za ta ƙirƙiro maka sabuwar hanya ta cikin gonar wani ba, kana ganin inda layin yake ka koma kansa. Haka kuma OsmAnd na iya naɗar sawun tafiyarka, saboda haka wanda ya bi ɗan gari sau ɗaya ya samu hanyar da ƙafa ta tabbatar, ya kuma iya ba abokin aikinsa.

A yi hattara da sunaye. Sabon Gari da Tudun Wada suna ko'ina, kuma a Nijar taswira takan bi rubutun Faransanci, sai a ga Tessaoua a maimakon Tasawa. A duba ƙaramar hukumar kafin a danna.

Sai batun da ya fi komai nauyi a ƙasarmu. Yanken da manhaja ta ce zai rage maka minti ashirin yana iya bi ta gefen dajin da mazauna wurin suka daina shiga. Ba ta san inda 'yan bindiga ke tare hanya ba, ba ta kuma san dokokin hana hawa babur da aka sha kafawa a sassan Zamfara da Katsina, da Diffa da Tillabéri a Nijar. A nan matambayi ba ya ɓata. 'Yan acaɓa na tashar ƙauye da direbobin motar kasuwa sun fi kowace taswira sanin halin da hanya ta kwana.

Sauran shiri ƙanana ne. Babur ya fi shan mai a yashi, don haka a san inda gidan mai ko ɗan bumburutu da mai faci suke. Rana na sa waya ta yi zafi ta ɗauke, GPS kuma na zuƙe batir, sai a tafi da abin caji. Girgizar babur ma tana lalata kyamarar wasu wayoyi, har kamfanin Apple ya yi gargaɗi a kan haka a 2021, shi ya sa tsohuwar waya ta fi dacewa da wannan aiki. A rubuta sunayen ƙauyukan a takarda a sa a aljihu, a faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. Idan kuma za a duba allo, a tsaya a gefen hanya tukuna.