Ruwa Ɗaya Ya Kore Mu, Bakinmu Ya Rabu: Ambaliya da Ra'ayin Jama'a Kan Sauyin Yanayi

Gabatarwa

Ni haifaffen Lakwaja ne, garin da kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Hausa ba ita ce harshen gidanmu ba. A kasuwa da bakin kogi na tsince ta, kafin na zo jami'a na soma karanta ta a aji. Manyan ambaliya biyu na gani da idona. A ta 2012 ina yaro, abin da kawai nake tunawa shi ne kwalekwale yana yawo a kan titin da muke buga ƙwallo. Ta 2022 kuwa da hankalina. Ruwa ya kai tagar ɗakin mahaifiyata, muka yi makonni muna kwana a ajin wata firamare da ke kan tudu.

A wannan aji na lura da wani abu. Ruwa ɗaya ne ya kore mu, amma da hira ta kai ga abin da ya jawo shi, sai bakinmu ya rabu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana abin da ya sa mutumin da ambaliya ta ci gidansa ba lallai ne ya goyi bayan manufofin gwamnati kan sauyin yanayi ba, da kuma inda mu ɗaliban harshe muka shigo cikin maganar.

Girman Ɓarnar

Bisa alƙaluman Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta kashe sama da 600, ta kori fiye da miliyan ɗaya. A duka shekarun biyu ruwa ya datse babbar hanyar Lakwaja zuwa Abuja, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayu 2025 kuma aka wayi gari da ambaliyar Mokwa a Jihar Neja, inda mutum fiye da 150 suka rasu.

Abin da Masana Suka Gano

Hayaƙin da ke fita daga ƙona fetur da gas da kwal yana taruwa a sama, ya riƙe zafin rana kamar bargo. Daga lokacin da aka soma manyan masana'antu zuwa yau, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya. Duk ƙarin digiri ɗaya kuwa yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Shi ya sa idan hadari ya haɗu, ruwan da zai zubar a sa'o'i kaɗan yakan fi na da yawa.

Bayan ambaliyar 2022, wata ƙungiyar masana ta duniya mai suna World Weather Attribution ta bincika daminar shekarar. Ta gano cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun irin wannan damina kusan sau 80 a yankin tafkin Cadi. A namu yankin na ƙasan kogin Kwara kuwa, ta ninka yiwuwar ruwa mai ƙarfi na mako guda kusan sau biyu. Masanan sun kuma nuna cewa gine-gine a hanyar ruwa da yadda ake sakin ruwan madatsu sun ƙara wa ɓarnar girma.

Amsoshin da Na Ji

A ajin da muka fake, amsoshi iri uku na ji. Mafi rinjaye sun ce laifin Kamaru ne, domin ita ta buɗe madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama ginawa a 1982. Sukan ƙara da cewa an fi shekara 40 ana maganar gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don tare wannan ruwa, ba a gina ba. Wasu suka ce ikon Allah ne, sai haƙuri da addu'a. Wasu kuma suka ce mu muka toshe magudanai da shara da leda, muka yi gini inda kakanninmu suka bar wa kogi.

Kowace amsa tana da ƙamshin gaskiya. Abin lura shi ne, kowace da inda take tura mai ita. Wanda ya ɗora laifi a kan Lagdo madatsa yake so a gina. Wanda ya ga shara so yake a yashe kwata. Babu ko ɗaya cikinsu da zai ga dalilin da za a ce masa ya bar girki da itace. A makonnin nan kaf, ban ji wanda ya ambaci sauyin yanayi ba sai wani malamin makaranta, shi ma da Turanci ya faɗe shi. Wannan ya yi daidai da binciken da ƙungiyar Afrobarometer ta yi a Nijeriya a 2022, wanda ya nuna cewa waɗanda suka taɓa jin maganar sauyin yanayi ba su kai rabin waɗanda aka tambaya ba.

Matsalar Kalmar "Yanayi"

Na gwada wa wani dattijo masunci, maƙwabcinmu, bayanin da ke sama. Na ce, "Baba, masana sun ce yanayi ne ke sauyawa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai yanayi kullum sauyawa yake yi. Bayan damina kaka, bayan kaka hunturu. Wannan ne kuka je jami'a koyo?"

Baba bai yi kuskure ba. A Hausa, "yanayi" na iya nufin halin da gari ya wayi da shi yau, yana iya nufin lokacin shekara, yana ma iya nufin halin rayuwa, kamar a ce "yanayin da muke ciki". Abin da masana ke nufi kuwa shi ne halin ruwa da zafi na wani yanki idan an auna shi na tsawon shekara 30 ko fiye. Da na sake tambayarsa ko kogin da ya sani yana saurayi shi ne na yau, sai ya yi shiru, sannan ya shiga lissafa mini yadda cikar kogi da saukar ruwa suka daina zuwa a kan ƙa'ida. Ashe ilimin yana wurinsa, kalmata ce ba ta kai gare shi ba.

Manufa da Aljihu

Nijeriya tana da manufofi a rubuce. A taron Gilasgo na 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa. A Nuwamba na shekarar ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da lamarin. Hukumomin NiMet da NIHSA kuma sukan fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara.

To me ya sa jama'a ke ja da baya? Dalili na farko shi ne tsada. An daɗe ana kiran mata su koma girki da gas don a rage sare itatuwa. Amma bayan janye tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, komai ya yi tsada, gas ma ya hau. Mahaifiyata ta ajiye tukunyar gas ta koma gawayi, alhali ita ce ruwa ya shiga ɗakinta. Na biyu shi ne abinci. Idan aka ce wa masunci ko mai noman fadama ya tashi daga bakin kogi, an ce masa ya bar sana'arsa ke nan. Shi ya sa da ruwa ya janye kowa ya koma. Na uku shi ne adalci. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa daga mai da kwal, don haka talaka na da hujjar tambayar me ya sa shi zai fara biya. Na huɗu shi ne yarda. Wanda aka rubuta sunansa a takardar agaji bai ga komai ba, da wuya ya saurari alkawarin 2060.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, amma a maganar ambaliya gani kaɗai bai isa ba. Mutum yakan goyi bayan manufa ne idan ya fahimci alaƙarta da ruwan da ya shiga ɗakinsa, kuma ya ga ba za ta hana shi tuwon dare ba. Sharaɗi na biyu aikin hukuma ne. Na farko kuwa da hannunmu a ciki. Daga cikinmu ne za a sami masu fassara hasashen damina a rediyo, da masu koyarwa a firamare, da masu rubuta sanarwar gargaɗi.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kada mu tsaya ga ɗauko kalma mu maye gurbinta da wata. Mu tambayi tsofaffi yadda suke kiran abin da suka gani, da Hausa da sauran harsunanmu na gida, mu tattara, mu kai wa malamanmu a tace. Ni dai na soma. A hutun da ya wuce na koma wurin Baba da littafi da biro, kuma wannan karon shi ne malami.