Na'urar Da Ke Gadin Shanun Huɗa

Manomin ƙasar Tsanyawa mai bijimai biyu na huɗa, rabin barcinsa a bakin turke ya ke yi, gama in ɓarawo ya kwance su farkon damina, noman bana ya tashi ke nan. To, ga wata dabara ta ɓullo daga wajen wayar salula.

Tun 2001 da salula ta shigo Nijeriya kowa ya san aibinta, watau cin wuta. Kwana biyu sai an kai wa mai caji. Amma a 2016 masu tsara ƙa'idodin salula na duniya suka amince da wata hanya, NB-IoT, wadda ba ta ɗaukar magana, sai ɗan gajeren saƙo. Na'urarta barci ta ke yi galibin yini, ta farka ta aika labari, ta koma. Shekara 10 aka nufa batirinta ya yi, kuma ba ta da tsadar babbar waya.

In an rataya wa sa irinta a wuya, da ya bar turke cikin dare sai saƙo ya iso wa mai shi. Sai dai mai bin sawu ba ta kai shekarun nan, don nemo wuri yana shan wuta. Ɓarawo kuma yana da wuƙa, amma kafin ya yanke igiyar an farka.

Abin lura: ba kowace hasumiya ke jin wannan hanya ba. Kada manomi ya biya ko kwabo sai an gwada ta a turkensa, ba a kantin Kano ba.