Ruwa Ɗaya, Gani Huɗu: Zancen Mabiya Buda a Kan Zuciya da Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, malaman da ba su ƙi duba zancen waɗansu al'ummai ba. Shehu Shahrastani, wanda ya rasu cikin 1153, ya ambaci mabiya Buda a littafinsa Almilal wan Nihal. Bisa tafarkinsa za mu ɗauko mas'ala guda daga gare su, mu auna ta da ma'aunin shari'a.

Shi Buda, sunansa Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen shekara 500 kafin Annabi Isa, alaihis salam. Kalmar karma a harshensu ma'anarta aiki, kuma ya koyar da cewa asalin aiki shi ne nufin zuciya, sa'an nan harshe da gaɓoɓi su biyo. Daga baya, wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, waɗansu malamansu biyu, wa da ƙane, Asanga da Basubandu, mutanen Feshawar ta Pakistan ta yau, suka faɗaɗa zancen. Suka ce zuciya kamar rumbu ce, kowane aiki yana zuba iri a cikinta, in irin ya nuna shi ne duniyar da mai shi ke gani. Mabiyansu suka buga misali da ruwa: mutum ya gan shi abin sha, kifi ya gan shi gida, halittun sama su gan shi ƙasa ta lu'ulu'u, fatalwa mai yunwa ta gan shi mugunya.

To, dubi Gulbin Rima, wanda aka datse a Goronyo cikin 1984, ya gangaro ta Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi cikin 1837. Masunci na ganin kifi, mai fadama na ganin shinkafa da albasa, makiyayi na ganin mashaya, wanda ambaliyar 2010 ta rushe wa gida kuwa tsoro yake gani. Haka abin yake a Gulbin Sakkwato da ya bi ta Rabah. Ruwa ɗaya ne, zukata suka bambanta.

Wani sashe na wannan magana ba baƙo ba ne gare mu. Hadisin farko cikin Arba'una ta Imamu Nawawi a kan niyya yake, na shida kuwa ya nuna gyaran jiki duka yana rataye ga zuciya. Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya kamanta zuciya da madubi, zunubi kuwa tsatsarsa.

Amma nan muka rabu. Su ba su tabbatar da Mahalicci ba, suna cewa aiki da kansa ke sāka wa mai shi, yana ta sake haihuwa. Mu kuwa mun sakankance Allah ne ya halicci gulbi, akwai shi ko an gani ko ba a gani ba. Rayuwar duniya sau ɗaya ce, sa'an nan hisabi, kuma Ubangiji Mai gafara ne.

Ga inda amfanin yake. A wannan zamani na tsoro a gabashin Sakkwato, wanda aka zalunta yakan bar ƙiyayya ta cika rumbunsa, har ya ga kowane makiyayi ɓarawo ne, ko kowane manomi maƙiyi. Zalunci gaskiya ne, wajibi hukuma ta hukunta mai yin sa. Amma kafin ka ɗora wa maƙwabcinka laifin wani, goge madubinka da istigfari, ka sake dubawa. Allah ya nuna mana gaskiya gaskiya ce, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Wallahu a'alamu.