Ƙafar Babur a Yashin Baudeta: Wacce Za a Saya, Yaya Za a Ɗaura Ta

A ƙauyukan Baudeta, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, babur ne ke kai mara lafiya gidan likita, shi ke kai buhun gero da na wake kasuwa, shi ne kuma abincin ɗan kabu-kabu. Babbar kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Gazawa da Tasawa ta bi. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi Baudeta, Korgom ko Hawandawaki, ko ya yi arewa wajen ƙauyukan Mayahi, mafi yawan tafiyarsa cikin yashi da burji zai yi ta, da rani ƙura, da damina zaizayar ruwa. Duk wannan wahala, tare da nauyin mutum biyu da buhu, a kan ƙafar baya take sauka.

Shi ya sa ƙafar da babur ya fito da ita daga kamfani ba ta cika kai shi ƙarshen rayuwarsa ba. Wata rana wili zai lanƙwashe, wayoyi su karye, mai babur ya tsinci kansa a shagon kayan gyara a Tasawa ko Maraɗi, gabansa ƙafa iri biyu.

Ta farko ita ce mai wayoyi, wadda aka saba gani, wilin ƙarfe da wayoyi galibi 36 da suka ɗaure shi da cibiya. Ta biyu ita ce ta sanholo, wadda aka zuba a ƙera guda, mai sheƙi da ɗaukar ido, wadda samari suka fi so. Ta sanholo tana da amfaninta na gaske: yawancinta tana karɓar tayar da ba ta da tiyub, kuma a ƙasar da ƙayar aduwa da farar ƙaya suke zube a hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan taya idan ƙaya ta shige ta a hankali take sacewa, har mutum ya kai gari. Ba ta kuma buƙatar a riƙa ɗaure mata wayoyi. Amma ba ta da haƙuri. Idan ta daki bakin rami da kaya a kanta, tsagewa take yi, ko bakinta ya lotse iska ta riƙa fita. Akwai masu kai ta wurin mai walda a liƙe tsagar. Wannan ganganci ne, don wurin da aka liƙe ba ya komawa ƙarfinsa na asali, kuma ranar da zai ɓalle ba zai yi sallama ba. Mai wayoyi kuwa tana ɗan lanƙwasa ta sha duka, kuma idan ta karkace, bakanike a ƙarƙashin bishiya zai miƙe ta, ya canza waya biyu ko uku da kuɗi kaɗan. Ga mai hawa kwalta kullum tsakanin Tasawa da Maijirgi, ta sanholo ba laifi. Ga mai dakon kaya a hanyoyin Baudeta, mai wayoyi ta fi.

Kowacce aka zaɓa, girma ne farkon abin dubawa. Baburan nan ba ƙafarsu ɗaya ba. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya inci 17 yake sawa, taya 2.75 a gaba, 3.00 a baya. Da yawa daga cikin baburan Sin da aka kwaikwayo daga CG125, wanda Honda ta fitar a 1975 musamman don ƙasashe masu hanyoyi irin namu, inci 18 suke sawa. Ana buga lambar a jikin wilin, misali 1.60 x 17 ko 1.85 x 18: ta farko faɗi, ta biyu girman da'ira. Wanda ya cusa taya mai faɗi a siririn wili don ta yi kyau ya matse ta ne kawai, ta ƙara tudu a tsakiya, ta rage taka ƙasa.

Sai abin da ke cikin cibiya, wanda ido ba ya gani daga nesa. Boris yana da lamba: 6301 raminsa milimita 12 ne, 6302 da 6202 kuwa milimita 15. Dole ya dace da kaurin sandar da ke ratsa ƙafar. Tsakanin boris biyun akwai ɗan bututun ƙarfe. Idan sabuwar ƙafa ta zo babu shi, ko aka manta da shi, da an ɗaure noti boris zai matse, ya mutu cikin ƴan kwanaki, a ɗora wa mai shago laifi. Kwanon birki ma sai ya yi daidai da na tsohuwar, haka ramukan robobin da ke bayan farantin haƙoran sarƙa. Mafi sauƙi shi ne mutum ya ɗauki tsohuwar ƙafarsa ya je da ita shago, a jera su a gani. Kayan gyara da yawa ta Kano da Katsina suke shigowa, mai kyau da jabu a haɗe, kuma a lokutan da aka rufe iyaka, kamar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020 da kuma bayan Yulin 2023, mai saye ba ya samun zaɓi da yawa. Don haka a sa sanda a juya wilin tun a shago. Littattafan gyara na Honda ba su yarda rawar wili ta wuce milimita 2 ba. A kuma bi wayoyin da sufana ana ƙwanƙwasawa: mai ɗauri ƙara take yi tsaf, sakakkiya kuwa muryarta a dushe.

To amma ko an sayi ƙafar da ta fi kowacce, rabin aikin ne. Sauran rabin yana wurin ɗaurawa, kuma a nan ne ake yawan asara ba a sani ba.

A ƙarshen ƙarafa biyun da suka rungumi ƙafar baya akwai ƙananan notina, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ake ja da su a tayar da sarƙa. Yaron gareji da ke sauri sai ya ja na ɓangaren sarƙa kawai, ya ga ta miƙe, ya ɗaure. Ƙafar ta karkace ke nan. Daga ranar babur zai fara tafiyar kaguwa, gaba na kallon gabas, baya na neman kudu. Mai shi zai ce babur yana ja masa gefe, ko kwanar dama ta fi ta hagu daɗin sha. Taya za ta cinye ta gefe ɗaya, haƙoran faranti su goge ta fuska ɗaya, sarƙa ta riƙa ƙara tana saki da wuri. A kwalta mutum yana iya jurewa. A yashi mai zurfi, inda ƙafar baya ya kamata ta bi sawun ta gaba, karkatacciyar ƙafa sabon sawu take haƙa, kuma nan ne babur ke watsar da mutum da kayansa.

Gyaran ba ya son komai sai igiya da natsuwa. A kafe babur a tsaye a wuri mai shimfiɗa, a sassauta babban notin sandar da ke ratsa ƙafar. A zagaya siririyar igiya ta bayan tayar baya, ƙasa-ƙasa yadda ba za ta taɓa wani ƙarfe ba, a miƙo bakinta biyu gaba har su wuce tayar gaba, kowanne yana shafar gefen tayar baya a wuri biyu. A miƙe kan babur. Tunda tayar gaba ta fi siranta, za a ga ɗan fili tsakaninta da igiya a kowane gefe. Idan na dama ya fi na hagu, ƙafar baya a karkace take. Sai a juya ƙananan notinan kaɗan-kaɗan har filin ya zama ɗaya. Zanen da kamfani ya yi a jikin ƙarfen yana taimakawa, amma a tsohon babur da ya sha faɗuwa igiya ta fi shi gaskiya.

Kada a ja sarƙa ta yi tsam. A irin waɗannan babura ana barin ta tana motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, domin idan aka hau da kaya ƙara miƙewa take yi, kuma a juya ƙafar a nemo inda ta fi tauri a auna a nan. A taka birki yayin ɗaure babban noti don birkin ya zauna a tsakiya, a mayar da fil ɗin da ke hana notin kwancewa, a sake saita sandar birki, sannan a sake duba igiyar, don ɗaurin ƙarshe yakan gusar da ƙafa.

Mai babur yana da haƙƙin ya tsaya a kan aikinsa. Duk lokacin da aka cire ƙafar baya, ko don faci ne kawai, ya ce wa bakanike: "Maigida, a sa mata igiya kafin a ɗaure."